Kalma Ɗaya Don Barsu

A cikin motar da ta ɗauko ni daga Abuja na rubuta jerin. Umarni goma sha bakwai ne, na tsara su a wayata kamar yadda nake tsara aikin mako a ofis, kowanne da lambarsa da ɗan akwatin da zan sa wa alama idan an gama. Zauna. Kwanta. Miƙo hannu. Mirgina. Ɗauko. Har da wani da na gani a YouTube, inda ake nuna wa kare yatsa kamar bindiga sai ya faɗi ya yi lamo. Hutun kwana goma sha huɗu na karɓa, kuma a lissafina na mai rubuta manhaja, umarni ɗaya da ɗoriya a rana ba abin tashin hankali ba ne. Kafin mu wuce Yawuri na riga na gama horar da karen a cikin kaina.

Sunansa Barsu. A wajenmu ba kasafai ake raɗa wa kare suna don karen ba, don maƙwabta ake raɗawa. Lokacin da Baba ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo daga hannun wani mafarauci, maganganu sun yi yawa a Sharabi: dattijon da ba ya rasa sahun farko, me ya haɗa shi da kare? Baba bai tanka wa kowa ba. Ya dai sa masa Barsu, ya riƙa kiran sunan da ƙarfi a ƙofar gida duk lokacin da masu maganar suke wucewa. Idan wani ya matsa masa, sai ya tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don farauta ko kiwo ko gona. Daga nan ya kawo labarin da yake ƙauna, na Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda aka ce katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Baba yakan fara dariya tun kafin ya kai ƙarshen labarin.

Ban taɓa jin Baba ya ba karen nan umarni da baki ba. Gyaran murya yake yi, Barsu ya tsaya. Ya buga sanda a ƙasa sau biyu, Barsu ya dawo. Su biyu suka san sauran, a hanyar fadama da kan kunyar gero. Da Allah Ya yi wa Baba rasuwa a daminar bara, sai aka bar mana kare mai ƙarfi, mai wayo, wanda babu wanda ya san yadda ake magana da shi. Duk wanda ya taɓa gadon manhajar da mai ita ya tafi bai bar ko layi ɗaya na bayani ba zai gane halin da gidanmu ya shiga. Abu yana aiki, kana tsoron taɓa shi, kuma ba ka san ranar da zai yi abin da ba ka zata ba.

Ƙanena ne ya fara taɓa shi. Shi ya rage a gida tare da Inna da matarsa da yara uku. Da babur yake neman abinci, yana jigilar mutane da kaya ta wajen Ka'oje da Tsamiya, inda ake tsallakawa zuwa Segbana a ƙasar Benin. Tun da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 sana'ar ba ta koma yadda take ba, ga kuma labaran da ke yawo a ƙasar Bagudo, yau an kora shanun wane, gobe an ga baƙin fuska da bindigogi a daji. Mutumin da yake fita tun asuba ya bar mahaifiyarsa da iyalinsa ba zan ga laifinsa ba idan ya nemi abin da zai tsare masa gida. Sai ya ɗaura tsumma a sanda ya koya wa Barsu kalma ɗaya: kama. Karen ya ɗauka cikin kwana biyu, domin abu ne da yake cikin jininsa. Yaran unguwa suna kallo ta saman katanga, su ma suka ɗauka. Ba a jima ba ya zama wasa, a cuna shi ga akuyar da ta shigo gona, ga jakin da ya kwance, a yi ta shewa.

Akwai wata Bafillatana da ta fi shekara goma tana kawo wa Inna nono daga ruga. Ranar da abin ya faru ba ta ji daɗi ba, sai ta aiko 'yarta, yarinya da ba ta wuce shekara tara ba. Tana zuwa ƙofar gida da ƙwarya a kai, wani yaro daga bayan katanga ya ce kama. Da wasa ya faɗa. Barsu bai san wasa ba. Yarinyar ta ruga, ya bi ta, ta faɗi, ƙwarya ta tarwatse, haƙorinsa ya yage mata zane ya karce ta a ƙwauri. Inna ta fito tana ihu, tana kiran sunansa, tana cewa bari, tana cewa kai, tana salati. Duk kalmar da ta zo bakinta ta faɗa, babu wadda ta isa kunnensa. Wani mai wucewa ne ya kore shi da fartanya.

Ta waya aka gaya mini. Abin da na fara cewa shi ne a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa na minti goma sha biyar, a kai ta asibiti a fara mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a ɗaure Barsu kwana goma a zuba masa ido. Wasu suka ce na cika fiƙili, ɗan karce ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tsira. Barsu ya cika kwana gomansa lafiya lau. Yarinyar ma ta warke.

Abin da bai warke da wuri ba shi ne tsakaninmu da ruga. A ƙasar da manomi da makiyayi suke kallon juna da wutsiyar ido, ƙwaryar nono da ta fashe a ƙofar Bahaushe ba ƙaramar magana ba ce. An zauna a zauren mai gari, Arɗo ya zo da mutanensa, Kawu ya ba da haƙuri, aka biya abin da aka biya. Hukuncin ya fito a taƙaice: in ya sake, ya bar garin. Kawu bai ma jira ya sake ba. Ya riga ya yi magana da masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka, waɗanda suke kai su kasuwar Dawaki a Jihar Filato, kuma kowa ya san ba kiwo ake kai su ba. Inna ce ta ce a dakata. Ba ta ce don Baba ba ne, amma har yanzu sandarsa tana jingine a inda ya bar ta. Ta ce a kira wancan na Abuja, tunda an ce aikinsa ke nan, gaya wa na'ura abin da za ta yi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

Kwana ukun farko na yi su ne ina jin kaina. Hanyar da na karanta mai sauƙi ce kuma tana aiki. Ka riƙe ɗan abinci a saman hancin kare ka ja shi baya kaɗan, kansa zai ɗaga, gindinsa zai sauka. Yana taɓa ƙasa ka ba shi, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin in ka yi jinkiri ba zai san wane aikin aka biya ba. Sai ya iya motsin sannan ka ɗora masa kalma. Minti biyar ya isa, a tashi tun bai gaji ba. Da ƙuli-ƙuli na fara, daga baya na gano cewa a kan gutsuren kifi banda na Kwara Barsu zai iya haddace karatun allo. Ranar farko ya iya zauna. Ranar uku yana miƙo hannu. Na ɗauki bidiyo na tura wa abokan aikina, suka yi ta turo hoton tafi.

Inna tana kan tabarma tana tsintar shinkafa, ba ta ce komai ba sai da na gama. Sannan ta ɗago.

"Wa ka gaisawa da kare?"

Na ce wannan somin-taɓi ne, Inna, ana farawa da mai sauƙi.

"To. Ran da yab bi ɗiyar mutane, da na ce mai ya miƙo hannu, da ya tsaya?"

Ta koma kan shinkafarta. Ta ƙara da cewa kifin da nake ba shi na miyar gobe ne.

Da dare na kwanta a ɗakin Baba na buɗe jerin. Na san daga inda ya fito. Na taɓa karanta labarin Chaser, wata karya a Amurka da wani malamin jami'a mai ritaya, John Pilley, ya koya wa sunayen abubuwa 1,022, aka buga binciken a 2011, da kuma Rico na Jamus da aka tabbatar a 2004 cewa ya san kalma wajen 200. Lambobin sun burge ni, don mu a sana'armu yawa muke ƙirgawa: manhajata tana yin abu ashirin, ta wane tana yin goma. Amma Pilley yana ba karyarsa sa'o'i a kowace rana, shekara da shekaru. Ni saura kwana goma sha ɗaya na koma, kuma wadda za ta zauna da Barsu tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ƙaramar murya. Abin kunya ne a ce mutumin da ya yi shekara goma yana gaya wa ƙananan ma'aikata su fara tambayar wanda zai yi amfani da abu kafin su gina shi, shi ne ya zo gidan ubansa da jerin da ya rubuta wa kansa da abokansa na WhatsApp.

Washegari ƙanena ya same ni a zaure. Ya ga bidiyon, kuma ya zo da tasa buƙatar.

"Yaya, tunda yana jin maganarka, ka gyara mini kama ɗin nan. A koya masa ya bambance ɓarawo da mai nono. Shi ke nan."

Na ce ta yaya zai bambance?

"Ai karnukan 'yan sanda suna yi."

Na ce waɗancan ana zaɓo su ne tun suna ƙanana, a yi wata da watanni ana horar da su, kuma mutum ɗaya ke riƙe da kowanne. Ko su ɗin, ana koya musu saki tare da kamawa. Namu kuwa rabin yaran unguwa sun san kalmarsa.

Ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da har yau yake damuna. Ya ce ni ina kwana a gidan da ke da maigadi da waya mai lantarki a kan katanga. Ya ce ranar da aka shigo gidan nan da dare, ba ni za a tarar ba. Ban da amsar da zan ba shi. Gaskiya ya faɗa.

Duk da haka ban iya yarda ba, kuma dalilina daga wurin aiki na samo shi. A kamfanin da nake, duk umarnin da zai iya taɓa kuɗin mutane sai an tambayi wanda ya ba da shi ko shi wane ne, ya kawo kalmar sirri, wani lokaci ma sai mutum na biyu ya sa hannu. Kunnen kare ba ya tambayar kowa. Duk wanda ya iya furta kalmar ya mallaki haƙoran, ko mai gida ne, ko yaro ɗan shekara shida, ko ɓarawon da ya kwana biyu yana sauraro ta bayan danga. Ga kuma inda muke zaune. A kasuwannin ƙasar Bagudo za ka ji Hausa, ka ji Fillanci, ka ji Dandanci na mutanen Illo da Lolo, ka ji Faransancin 'yan Benin. A bakin Badande, kaa tana nufin zo. Na yi ta tunanin wata baƙuwa a ƙofar gidanmu tana kiran ɗanta da ƙarfi, da karen da ya saba zabura tun a gaɓar farko ta kalmarsa.

Bayan La'asar na je gaida limamin unguwarmu, abokin Baba ne tun suna makarantar allo. Na ba shi labari ina ɗan jin nauyi, don ban san yadda zai ɗauki zancen kare a bakin mai digiri ba. Sai ya gyara zama. Ya ce ai malamai sun riga ni, tunda aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar, dole ta sa suka tsaya suka fayyace wane kare ne za a kira horarre. Na ce Allah gafarta Malam, me suka ce? Ya ce wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wasu mazhabobin sun ƙara da cewa kada ya ci abin da ya kamo, Malikawa ba su sa wannan a sharaɗi ba. Ya dube ni ya ce, "Naku yana da rabin farko. Kare kuwa ko ba a koya masa ba zai bi abin da ya gudu. Wahalar malaminsa duk tana rabi na biyu."

A kan hanyar komawa gida na goge sha huɗu daga cikin sha bakwai. Daga baya ma na ga ukun da suka rage ba su ne ba. Abin da Inna take buƙata shi ne kalma ɗaya da za ta juyo da Barsu zuwa gare ta, ko yana tsakiyar gudu.

Zaɓen kalmar ya fi koyar da ita wuya, kuma nan ne na fi jin daɗin aikin. Bari ita ce ta fara zuwa, amma ta yi kama da sunansa, ga shi a gidan da ke da yara uku ana faɗinta sau ɗari kafin azahar. Kalmar da kare yake ji dare da rana ba tare da wani abu ya biyo bayanta ba takan zama masa kamar kukan kaji. Zo ma haka take. Dawo ta riga ta lalace, don tun rasuwar Baba duk wanda ya ce masa dawo da bulala yake jiransa, har ya koyi cewa ma'anarta gudu. Na gwada gyaran muryar Baba da bugun sandarsa. Barsu ya ɗaga kunne, ya dubi ƙofa, ya daɗe yana dubanta, ni kuma ban sake gwadawa ba. Ƙanena ya kawo shawarar Faransanci irin wanda yake ji a Segbana, Inna ta ce ba za ta tsufa tana yi wa kare yaren Nasara ba. Na ce to fito, tunda sautinsa ba ya canzawa kuma yana zuwa nesa. Ta dube ni kamar na zage ta. Mace, uwar jikoki, ta tsaya tsakar gida tana fito?

Na bayyana mata abin da nake nema: kalma gajera, mai kaifi, wadda bakinta ya saba da ita amma babu mai faɗinta a gidan. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Anini." Tsohon kuɗin nan mai huda a tsakiya, wanda goma suke yin kwabo ɗaya. Ta ce tana yarinya da shi ake aikenta sayen daddawa, yanzu kuwa jikokinta ba su ma san mene ne ba. Na faɗe ta sau biyu na ji yadda take fita. Da na yi mako ina bincike ba zan samo wadda ta fi ta ba.

Sharaɗin farko shi ne ni na koma gefe. Inna ce za ta koyar, don muryarta ce za ta rage. Muka fara a cikin zaure, taku biyu tsakaninsu: ta ce Anini, ya matso, ta jefa masa kifi a gabanta. Ba ta yarda ya ci a hannunta ba, kuma ba a bukatar hakan. Daga zaure muka koma tsakar gida, daga nan ƙofar gida, sannan bakin gona da igiya mai tsawon taku ashirin a wuyansa. Kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri ya kai wani wurin da kansa. Abin da ya iya a zaure, a gona sabo ne a wurinsa, sai an sake. Mu ma muna da irin wannan ciwon, manhaja ta yi lafiya a kwamfutarka ta je hannun mutane ta watsa maka ƙasa a ido. Bayan wuri sai abin ɗauke hankali: kaza tukuna, sannan akuya a ɗaure, sannan yaro yana tafiya, sannan yaro yana gudu. Duk inda ya kasa, mu koma baya taki ɗaya.

Dokoki biyu na roƙi gidan su riƙe. Kalmar sau ɗaya ake faɗinta, don in ana maimaitawa zai koyi cewa ta farko ba ta da muhimmanci. Kuma duk abin da ya aikata, in aka ce Anini ya zo, ba a dukansa. Wannan ta biyun ta sha gardama. Rana ta tara ya saci nama a madafa, Inna ta kira shi ya zo da naman a baki, matar ƙanena ta ɗauko muciya. Inna ta tare ta da hannu ɗaya, da ɗayan ta jefa masa kifi. Na ga yadda abin ya yi mata ciwo, ɓarawo ya yi sata an ba shi tukwici. Amma ta gane kafin na buɗe baki cewa zuwan ake biya.

Umarni na biyu ita ta ƙirƙiro shi. Ta lura cewa da an yi sallama Barsu yake rugawa ƙofa. Sai ta riƙa amsa sallamar, ta nuna gindin dogon yaro kusa da rumbu ta ce wurinka, ta jefa ƙuli can. Cikin kwana huɗu, da ya ji ta amsa sai ya nufi bishiyar da kansa. Ƙanena ya ce an mai da kare maigadin da ke ba baƙo hanya. Inna ta ce, "Ɓarawo ba ya sallama." Haushin dare kuwa babu wanda ya hana shi. A ganina iyakar aikin da za a iya damƙa wa Barsu ke nan, ya tashi mutane, su kuma su yanke shawara.

Saura kama. A kwamfuta da na danna maɓalli na goge ta. A kan kare babu wannan maɓallin. Tun zamanin Pavlov aka lura cewa abin da dabba ta koya, ko an ɗauka ya mutu, yana iya farfaɗowa bayan an kwana biyu. Kuma ba zan iya ɗinke bakin yaran unguwa ba. Abin da na iya shi ne na sauya wa kalmar ma'ana. Na tara yaran, har da wanda ya jawo abin, na ba kowa ƙuli. Ka ce kama, ka watsa ƙuli a ƙasa. Sau da yawa a rana, a wurare daban-daban, har ya zama da Barsu ya ji kalmar sai ya sunkuyar da kai yana shinshinar ƙasa. Yaran sun ɗauke shi sabon wasa. Ƙanena ya tsaya a bakin zaure yana kallo, bai ce uffan ba, ya hau babur ya tafi.

Ban gaya wa kowa a gidan ba, amma na san irin wannan dabarar ta taɓa rusa kamfani. Ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin cinikin hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya yi asarar dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45. Sun ɗauki wata tsohuwar alama a manhajarsu suka ba ta sabon aiki, suka sabunta manyan kwamfutocinsu bakwai, ta takwas ba a sabunta ta ba. Da alamar ta iso, ta takwas ɗin ta tuna tsohuwar ma'anar, ta yi ta saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa, mutane suna kallo sun rasa inda za su kashe ta. Muna ba sababbin ma'aikata wannan labarin don su ji tsoron sake amfani da tsohuwar alama. Ga ni a Sharabi na yi daidai abin da nake hana su. Wani wuri a cikin kan Barsu akwai kwamfuta ta takwas da ban kai gare ta ba. Bambancin kawai shi ne wannan karon akwai wadda take riƙe da abin kashewa, kuma a kansa muka ƙarar da kwana goma da kifin miya.

Ana gobe zan tafi, Bafillatanar ta dawo, karo na farko tun faruwar abin. Ita da kanta ta zo, da ƙaramin ɗanta yana riƙe da gefen zanenta. Ta tsaya nesa da ƙofa ta yi sallama. Inna ta amsa, Barsu ya tafi gindin dogon yaro ya kwanta. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da ke da maganar da ba za su yi ba. Ana cikin awon nono yaron ya hango karen, ya saki zanen uwarsa ya kwasa da gudu.

Barsu ya miƙe. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya yi tsalle biyu. Ina da nisa, igiya kuma tana rataye a rumbu.

"Anini."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, kuma ba ta maimaita ba. Ƙafafunsa na gaba suka turje, ƙura ta tashi. Ya tsaya yana kallon yaron, jikinsa yana rawa, na ƙirga ɗaya, biyu. Sannan ya juyo ya zo ya tsaya a gabanta. Hannun Inna yana karkarwa lokacin da ta kwance bakin zanenta ta jefa masa kifin.

Matar ta ɗauki ɗanta ta saɓa a kafaɗa. Ta ce za ta ci gaba da kawo nono, amma a ƙofa za ta riƙa tsayawa. Inna ta tambayi yarinyar. Ta ce tana lafiya, sai dai ta ce ba za ta ƙara bin hanyar nan ba.

Kawu ya sallami masu sayen, ya ce dai a ji zuwa kaka. Ƙanena ya kai ni tasha a babur, muka yi tafiyar ba mu yi maganar kare ba, sai da zan sauka ya ce zai sayi ƙwado mai kyau ya sa wa ƙofar baya, in na samu hali na taimaka da kuɗin. A mota na buɗe tsohon jerin da na dawo da shi daga kwandon shara na wayar. Akwati biyu ne ke da alama, zauna da miƙo hannu, kuma babu mai amfani da ko ɗaya a gidan.

Mako uku bayan haka saƙon murya ya shigo daga wayar matar ƙanena. Inna ce, tana magana da ƙarfi kamar yadda take yi in an kara mata waya. Ta ce a gaya wa wancan na Abuja Barsu lafiya lau, jiya ma ta dawo da shi daga bin jakin maƙwabta. Ta ce amma kifin ya ƙare, kuma ƙuli ba ya sa shi sauri kamar da.